Ambulan Ɗaya Daga Akwatin Yaya Kulu Bai Dawo Ba

Shekara bakwai ke nan a wannan watan da aka ɗauki Yaya Kulu daga gidanmu na Wudil aka kai ta makwancinta. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo, nakan soya waina in aika wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Ba kewa ce ta sa na ɗauki biro ba, duk da kewar tana nan ba ta je ko'ina ba. Tsoro ne. Akwai wani ƙaramin ambulan da ya fita daga akwatinta bayan rasuwarta, yana hannun wata daga cikin danginmu, ban kuma san ko wace ce ba. Ita a saninta alewa ce a ciki. Magani ne mai ƙarfi, kuma da bakina na ce mata alewa ce.

Bari in fara da ita Yayar, don waɗanda ba su san ta ba. Hauwa'u ne sunanta, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara shida. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, sai ta dawo gida wurin iyayenmu. Tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar garin nan, amma a bakin titi ba wanda ya san ta da wannan. Can Kulu mai ɓawo ake ce mata. Idan ta taso daga aiki da la'asar sai ta bi masu sayar da lemo na wajen tasha ɗaya bayan ɗaya da buhunta, tana kwashe ɓawon da suka fere. Masu awaki sun tsane ta, don ta riga su. Matan unguwa da ke shanya ɓawon su yi hayaƙin sauro da shi, su ma ba wani son ta suke yi ba. Ni kuwa kunya kamar in nutse duk ranar da ta ja ni rakiya.

Na taɓa ce mata, “Yaya, wai duk karatun nan naki a bola zai ƙare?”

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, “Ke dai riƙe min bakin buhun, Sa'a.”

Abin da ya jefa ta wannan aiki Babanmu ne. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, haɗiya ta zame masa wahala. Maganin hawan jininsa ƙwaya ce ƙarama, ba ta fi ƙwayar wake ba, amma kafin ta wuce maƙogwaronsa sai kowa a gidan ya yi gumi. Mu daka ta a cokali, mu dama da koko, ya ƙware, idanunsa su firfito, Innarmu tana bubbuga bayansa tana salati. Wanda bai taɓa ganin mahaifinsa yana neman numfashi saboda cokali ɗaya na koko ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Yaya Kulu takan tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Wata rana dai ta ce akwai hanyar da magani zai shiga jikin mutum ba sai ya haɗiyi ƙwaya ba, kuma za ta neme ta.

Yadda na fahimci aikin, ni da ban yi kimiyya ba, shi ne: takan wanke ɓawon, ta shanya a inuwa, ta niƙa, ta dafa da wani ruwa mai tsami, ta tace. Sai wani abu mai yauƙi ya fito, kamar na karkashi. Shi take gyarawa ta zuba a farantin gilas siriri, ya bushe, ta ɓanɓaro shi ta yayyanka ƙanana-ƙanana, kowanne bai fi faɗin farcen babban yatsa ba. Falle take kiran su. Ka ɗora ɗaya a harshe, kafin ka ƙirga ashirin ya narke, ba ruwa ba haɗiya. Idan an cuɗa magani a cikin yauƙin tun farko, to maganin ya shiga ke nan. Ta sha gaya mana ba ita ta ƙago abin ba, a wasu ƙasashe an daɗe ana yi da kayan haɗi masu tsada. Nata burin ta ga ko ɓawon lemo da na mangwaron da muke zubarwa zai yi aikin. Baba ya rasu ba ta gama ba. Mun zaci za ta haƙura, sai ma ta ƙara buhu.

Fallen da babu magani a ciki takan zo da shi gida ta mai da mu 'yan ɗanɗano. Ni ce shugabarsu. “Sa'a, buɗe baki. Da ɗaci? Ya manne a ganɗa? Yaushe ya ɓace?” Tana tambaya tana rubutawa. Da ta sa masa ɗan zaƙi sai ya yi daɗi, ga ƙanshin lemo, har muka sa masa suna alewar Kulu. Na sha shi ya fi a ƙirga, ko ciwon kai bai taɓa sa ni ba. Daga nan na ɗauka na san abin ciki da waje, alhali ɗanɗanonsa kaɗai na sani.

Sai kuma halinta na rubuta “Kada a taɓa.” A kan gwangwanin sukarinta akwai, a kan almakashinta akwai, har a jikin bokitin wankanta ta taɓa rubutawa da jan fenti. Muna yi mata tsiya muna cewa saura ta rubuta a goshinta. Da yake ko'ina ka juya rubutun yana nan, sai muka daina ganin sa. Muna shan sukarin, muna ɗaukar almakashin, ta yi faɗanta ta gama.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tafi da ita, cikin damina. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yau ba na iyawa.

Bayan sadakar arba'in, an riga an raba abin da ya shiga gado, sai Innarmu ta ce ƙananan kayan ɗakinta a rarraba wa dangi sadaka, kowa ya samu abin tunawa da ita. Kun san yadda ake yi. Mata sun cika tsakar gida, na Kausani da na Indabo da na cikin gari, wannan ta samu ɗankwali, waccan carbi, wata kofi. Ni ce mai fito da kaya. A saman durowarta na ga wani ƙaramin akwatin ƙarfe da kwaɗo, an manna takarda a murfin, an rubuta kalmomin nan uku nata. Har murmushi na yi cikin hawaye. Ban ga makulli ba, sai na sa taɓarya na doke kwaɗon. A ciki akwai ƙananan ambulan farare goma sha biyu, kowanne da lambobi da haruffan boko a kusurwa, wasu da jan biro wasu da baƙi. Na buɗe ɗaya, ƙanshin lemo ya bugi hancina.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Babanmu da ke aure a Kausani, ta leƙo ta ce, “Mene ne wannan kuma, Sa'adatu? Ba dai asiri ba?”

Na ce, “Haba Gwaggo, alewar Kulu ce. Ɓawon lemo ne kawai da ɗan zaƙi. Ni nan na sha ya fi ɗari.”

“To ba ni nawa, in ɗanɗani aikin 'yata.”

Daga nan hannuwa suka miƙo ta ko'ina. Ban rubuta sunan kowa ba, ban ma kalli fuskokin sosai ba. Wa yake rubuta sunan wanda ya karɓi sadaka? Kafin a kira azahar akwatin ya zama fanko, na ba wata shi ma ta zuba allura da zare.

Kwana biyu bayan haka Malama Rukayya ta zo. Abokiyar aikin Yaya ce, tare suke komai a ɗakin gwajin. Ta gaida Inna, ta sake yi mana ta'aziyya, sannan ta ja ni gefe ta tambayi akwatin ƙarfen. Ta ce marigayiya ta kawo shi gida ne don ta ga yadda fallen zai jure zafi da laimar ɗaki irin na talakawa, inda babu firji babu fanka, shi ya sa ta kulle shi ta ɗora inda hannu ba ya kaiwa. Makullin yana aljihun teburinta na ofis. Masu baƙin biro babu magani a cikinsu. Masu jan biro, guda shida, maganin hawan jini ne.

Na ce, “An rabar.”

Ta kalle ni kamar ba ta ji Hausa ba. Da ta gane, sai ta dafa bango. Ta ce, “Innalillahi. Sa'a, babba ya sha ɗaya wataƙila jiri kawai zai ji. Amma in ƙaramin yaro ne, wallahi sai dai Allah ya kiyaye. Ki tashi yanzu, ki bi gida-gida, ki gaya musu magani ne.”

Na tashi, na bi gida-gida, amma ban gaya musu magani ne ba. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farkon muni, don na farkon rashin sani ne, wannan kuwa ina sane. Karɓe abin da aka bayar sadakar mamaci abin kunya ne a wurinmu, balle a ce wadda ta bayar ita ce ta dawo tana cewa abin da ta raba zai iya kisa. Na ji tsoron bakin dangi. Na ji tsoron a ce Sa'a ta so ta gama da mutane, ko a ce Kulu ta mutu ta bar guba a ɗaki. Sai na ƙirƙiro wata magana mai sauƙi, cewa wurin aikinta ne suke neman kayansu, za su cike takardu. Wasu suka miƙo ba musu. Wasu suka miƙo suna taɓe baki, wai 'yan boko ko mamaci ba sa bari ya huta.

Da na isa Kausani na tarar da gidan Gwaggo Asabe a hargitse. Da hantsi ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, an ɗauke ta a a-daidaita-sahu zuwa asibiti. Na shiga ɗakinta na ɗaga matashi, ga ambulan mai jan biro a buɗe. Daga baya ta gaya mini da bakinta, tana dariya, cewa huɗu ta ɗora a harshe lokaci guda, don ɗaya ba ya isar kowa. Ita kuwa dama tana shan nata maganin hawan jinin. A asibiti na raɗa wa ma'aikaciyar jinya gaskiya, ita kaɗai, na nuna mata ambulan ɗin. Allah ya tashi kafaɗun Gwaggo bayan kwana uku. Dangi suka ce jimamin Kulu ne ya kayar da ita, da zafin murhu. Ina tsaye ana faɗa, na ce ƙwarai kuwa.

Goma sha ɗaya na haɗa na kai wa Malama Rukayya. Ta jera su a tebur ta duba: baƙaƙe shida, jajaye biyar. Na sake zagayawa sau biyu da ƙaryata iri ɗaya, kowa ta ce ita ta bayar ko ba ta samu ba. Na ce wa kaina wataƙila ya faɗi a hanya, ko ruwan sama ya jiƙa shi ya narke. Da wannan wataƙilar na rayu shekara bakwai. Amma duk lokacin da aka ce ɗan wance ya suma, ko jikar wane ta kwanta ba ta tashi ba, sai in je gaisuwa ina 'yan tambayoyin da ba su dace da mai gaisuwa ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya Kulu za ta ce da ta ga yau. Kwanaki na shiga wani kantin magani a Kano na ga irin fallen nan nata a cikin kwali mai sheƙi, an shigo da shi daga waje. Na tsaya ina kallo har mai kantin ya tambaye ni ko lafiya. Da ta gani za ta yi murna, na sani, sannan ta juya kwalin ta karanta bayansa ta yi tsaki, ta ce wa zai iya saye a Indabo. Na ji kuma har yanzu akwai ɗalibai a jami'ar da ke bin masu lemo da buhu, har sun ƙara da ɓawon ayaba da na kankana. Wannan zai sa ta dariya. Abin da zai tayar mata da hankali shi ne masu tallar magani da lasifika ranar kasuwa, waɗanda ƙwaya ɗayarsu take warkar da basir da ciwon baya da rashin haihuwa. Ta taɓa ce mini ranar da magani ya yi daɗi a baki ya kuma daina kama da magani, ranar ce aikin tsare shi zai fara. A lokacin na ɗauka irin surutunta ne.

Wata biyu da suka wuce na je suna a Indabo. Muna zaune ana cin tuwo, hira ta biyo ta kan yaran yanzu da rashin son karatu. Sai Talatu, 'yar ƙanwar Innarmu, ta juyo ta ce, “Ai Yaya Sa'a, an ce akwai wadda har yau take ɓoye da alewar Yaya Kulu a ƙasan akwati. Wai sai ranar da jikanta zai shiga aji ɗaya za ta ɗora masa a harshe, ya ɗauko ƙwaƙwalwar marigayiya.”

Mata suka yi dariya, wata ta ce ai kuwa ta yi dabara. Ni lomar da ke hannuna ce ta faɗi.

Na ce, “Wace ce?”

“Oho, ni ma a wani biki na ji. An dai ce tsohuwa ce.”

“Wa ya faɗa miki, Talatu? Don girman Allah ki tuna.”

Ta yi ta tunani, ta kira suna biyu. Na je wurin duka biyun, kowacce ta ce ita ma ji ta yi.

Na san tsofaffinmu. Macen da za ta adana dabinon Makka shekara biyar a cikin ƙullin tsumma, da gorar zamzam da ba a buɗewa sai an yi haihuwa, ba ambulan ɗin Kulu ne zai gagare ta ajiya ba. Ba mugunta ba ce, ƙauna ce tsantsa. A danginmu kaf ba macen da ta yi karatun Yaya Kulu, kuma kowace kaka tana son jikanta ya gaje ta. Zan iya ganin tsohuwar a raina, ta yi wa yaron wanka, ta sa masa sabon yunifom, ta yi bismilla. Ba kuma lalle ta tsaya a falle ɗaya ba, tunda albarka ake nema.

Na koma wurin Malama Rukayya, wadda yanzu furfura ta fara fito mata, na tambaye ta ko shekara bakwai ta isa ta kashe ƙarfin maganin. Na so ƙwarai ta ce eh. Ta ce mai yiwuwa ya yi rauni, mai yiwuwa ya lalace ya zama wani abu dabam, mai yiwuwa kuma yana nan da ƙarfinsa idan ajiyar ta yi kyau, ita dai ba za ta rantse a kan ran ɗan kowa ba. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ko a wancan karon na gaya musu magani ne. Na sunkuyar da kai. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Tun daga ranar na sake bin gidajen, wannan karon da gaskiya. Na fara da Innarmu, wadda ta yi kuka ta ce me ya sa na ɗauki wannan ni kaɗai. Na durƙusa gaban Gwaggo Asabe na gaya mata abin da ya kayar da ita. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sauran kuwa, ƙaryar farko ta ɓata mini hanya. Wata tsohuwa ta ce mini ido da ido, “Da kin ce alewa, kika dawo kika ce takardun ofis, yau kuma magani. Wanne za mu kama?” Ga shi cikin shekara bakwai wasu sun rasu an raba nasu kayan, wasu sun bi 'ya'yansu Kano ko Gaya ko inda ban sani ba. Ambulan ɗin yana iya kasancewa a hannun wadda ko ranar ba ta zo gidanmu ba.

Shi ya sa na kawo maganar nan jarida. Na san mai ambulan ɗin ba ta karanta jarida, amma 'ya'yanta suna karantawa, ko maƙwabcinta. Duk wanda ya san yana da dangantaka da gidan su Kulu mai ɓawo, ina roƙon sa ya karanta wa uwarsa da kakarsa wannan da babbar murya. Farin ambulan ne ƙarami, da rubutun jan biro a kusurwa, cikinsa wasu 'yan falle masu ruwan ɗorawa da ƙanshin lemo. Kada a ɗora wa kowa a harshe, babba ko yaro. Kada a jefar a bola inda yara ke tsince-tsince. A kawo mini, ko a kai kowane asibiti a ce magani ne. Idan kuwa an riga an ba yaro, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Wadda ta kawo ba zan faɗi sunanta ba ko ga Innarmu, kuma duk zagin da za ta yi mini na karɓa tun yanzu.

Idan na auna abin da Yaya Kulu ta bari, ba gida ba ne, ba 'ya'ya ba, ko sunanta ban tabbata yana jikin wata takarda a jami'ar ba. Ta bar wani aiki da ta fara saboda tausayin tsoho ɗaya, wanda wasu ke ci gaba da shi ba su ma san ta ba. Ta yi abinta da tsoron Allah da tsoron cutar da mutane, ba ta taɓa ba kowa falle mai magani ya sha ba, ta ce sai masana sun gama bincike sun yarda. Ita ta yi nata daidai. Idan wani abu ya samu ɗan wani, kada a ce Kulu, a ce Sa'a. Allah ya jiƙan ta, ya haskaka kabarinta, ya sa kada aikin hannunta ya zama sanadin hawayen wata uwa.

Saura kwana goma sha ɗaya a koma makaranta. Aji ɗaya nake koyarwa a wata firamare a nan cikin gari, kuma ranar zan tsaya a bakin ƙofa in karɓi sababbin yara kamar kowace shekara, in tambayi kowanne sunansa da abin da ya ci da safe. Nawa ajin ɗaya ne tak. Sauran azuzuwan da ke Kausani da Indabo da ko'ina, ban san wa zai lura ba idan wani yaro ya kifa kansa a benci aka ce barci yake ji.